Haƙorin da Aka Ce Ya Cinye Idon Baba

Akwai wata magana da kuka tashi kuka tarar a danginmu, har wasunku sun faɗa wa nasu 'ya'yan: wai kakanku Malam Lawali ya makance ne don an kashe masa jijiyar haƙori a Damagaram, kuma wai ni na kai shi. Ni na kai shi, wannan gaskiya ne. Sauran maganar ce nake so in gyara muku, tunda waɗanda suka san yadda aka yi duk sun riga ni, saura ni kaɗai.

Shekarar da nake nufi ita ce wadda ta biyo bayan babban fari, lokacin da shanunmu suka ƙare kaf, gidanmu ya koma dogaro da lambu. Ni a lokacin budurwa ce, babanku bai ma zo Gure ba tukuna. Na yi lakwal, wato makarantar boko, shekara shida, sai aka ɗauke ni a gidan likita ina taimakon mata masu haihuwa, ina dafa allurai, ina wanke tsummoki. Yayana Mutari yana can wajen masu aikin hanya, sai ƙarshen wata yake leƙo mu. Lambun Baba kuwa yana cikin wani kwari, tafiyar hantsi a kan jaki. Ku da kuka tashi a birni ba ku san yadda kwari yake bayyana ba. Mutum ya yi ta hawa tudun rairayi, ba abin da yake gani sai tumfafiya da sama, har ya fara zaton ya ɓata. Yana kaiwa ƙoli sai ya ga abin a ƙarƙashinsa: goriba ta kewaye baki, dabino a bayanta, sannan rogo da albasa da rake, can tsakiya kuma farar kanwa tana ƙyalli. In ka gangara, iska takan canja. Sanyi ya taɓa ƙafarka kafin ya kai fuskarka, ka ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da kukan kurciya. Har yau in na yi mafarkin gida, ba ɗakin Inna nake gani ba, wannan gangaren nake gani, ina sauka ina sauka ban kai ba.

Da sanyin shekarar, lokacin da dabino ke fure, na bi Baba kwari ranar da ba ni da aiki. Aikinsa a wannan lokaci shi ne ya hau kowace macen dabino ya ɗaura mata furen namiji. Hannu ɗaya yana riƙe da itace, ɗaya yana buɗe fure, zaren kaba kuma a bakinsa, yana ja yana yankewa da fiƙarsa ta sama ta hagu. Haƙoransa na ciki da yawa sun zube, wannan fiƙar ce wuƙarsa. Da ya sauko ya zauna a gindin itace yana hutawa, na kawo masa ruwa a ƙwarya, na durƙusa a gefensa na miƙa. Bai karɓa ba. Idonsa a buɗe, yana kallon rake. Na daɗe hannuna a miƙe.

"Baba, ga ruwa."

Ya zabura, ya juyo da kansa gaba ɗaya kafin ya same ni.

"Tun yaushe kike nan?"

"Na jima, Baba. Ina nan gefenka."

Ya sha ruwan a hankali. Sai ya ce in zauna.

"Cima, duniya tana tsukewa a wurina. Abin da ke gabana ina ganinsa tar, har tururuwar da ke bin wancan kara. Na gefe ne ya tafi. Kamar mai leƙe ta ƙofar rumbu. Da asuba in na kalli fitila sai in ga ta sa zobba masu launi, ja da kore, gwanin kyau. Shekara uku ke nan."

Na ce mu je majo ya duba shi. Majo shi ne babban ma'aikacin gidan likitarmu, wani mutumin Dosso mai haƙuri. Baba ya girgiza kai.

"In Innarki ta ji, igiyar hawa za ta ɓoye. In Mutari ya ji, aikinsa zai bari ya dawo, alhali bai iya dabino ba. Itatuwan nan na bakin rijiya, shekarar da aka haife ki na dasa su, bana ne za su yi 'ya'ya na kirki. Ki bar maganar nan tsakanina da ke. Kin yi mini alkawari?"

Na yi masa. Ban yi tunanin komai ba a lokacin, har ma na ji daɗi da ya zaɓe ni a cikin gidan.

Ba a yi wata guda ba fiƙar ta fara ciwo. Ya fasa ƙwallon goriba da ita, ta tsage, tun daga nan ruwan sanyi ba ya taɓa ta. Inna ta sa masa kanumfari, ta sa kanwa, ta sa toka mai ɗumi a tsumma. Da abin ya ƙi, ta kira wanzami. Ya zuba wasu ƙwayoyi a garwashi, ya sa Baba ya buɗe baki a kan hayaƙin, ƙwaryar ruwa a ƙarƙashin haɓarsa. Bayan ɗan lokaci ya nuna mana wasu fararen abubuwa ƙanana suna yawo a ruwan, ya ce ga tsutsar da ke cin haƙorin ta fito. Ni ma na leƙa, na gan su. Sai daga baya na fahimci cewa cikin ƙwayoyin ne ke fashewa da zafi ya faɗa ruwa. Abin da ya ƙara ɗaure kan kowa, bayan kwana uku ciwon ya yi shiru ɗif. Inna ta yi ta yi mini dariya, tana cewa ga likitar gidanmu, wanzami ya riga ta. Na ba majo labari ina jin kunya, sai ya ce:

"Haƙori in ya yi irin wannan ciwon sannan ya yi shiru da kansa, ba warkewa ya yi ba. Jijiyar ce ta mutu. Ruɓar tana nan cikin saiwa, za ta nemi hanyar fita. Ki sa masa ido."

Da bazara ta shigo, ta nemi hanyar. Kuncin Baba ya kumbura daga leɓe har ƙarƙashin ido, idon hagu ya rufe, zazzaɓi ya kwantar da shi. Majo ya zo gida da kansa ya yi masa pikir, wato allura, kwana biyar, kumburin ya sauka. Ya ce wannan kwantar da ciwon kawai aka yi, zai dawo. Ko dai a cire haƙorin, ko a kai shi Damagaram, akwai lokotoro, wato likita, na haƙori da zai kwashe matacciyar jijiyar ya bar haƙorin a wurinsa. Ya rubuta mana takarda.

A tsakar gida aka yi shawarar, bayan la'asar, ranar da Mutari ya zo. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba ta ce:

"Fiƙar sama ai ba a taɓa ta. Jijiyarsu ɗaya da ido. Ba ku ga yadda idon ya rufe ba da ta yi ciwo? To ina ga an sa ƙarfe an kashe ta?"

Mutari ya ce a wajen aikinsu an ba shi labarin wani da aka yi wa haka, sai da mutum huɗu suka danne shi, kuma bai ƙara gani da idon ba. Na tambaye shi sunan mutumin, ya ce ba suna ne abin dubawa ba. Na faɗi abin da majo ya gaya mini, cewa ruɓar ce ke iya hawa ta taɓa ido in an bar ta, aikin kuwa hana ta zai yi.

"Kuma haƙorin da aka kashe," in ji Inna, "ai gawa ne a bakin mutum. Yaya zai tsaya salla da gawa a baki?"

Baba, da ke kishingiɗe a tabarma, ya yi dariya da rabin fuskarsa.

"Farce ba ya jin zafi, gashi ba ya jin zafi, kuma da su muke salla. Ni dai ina son haƙorina. In aka cire shi, da me zan yanke kaba? Cima za ta kai ni."

Mutari ya tashi ya karkaɗe rigarsa. A bakin zaure ya tsaya ya ce, ba da ƙarfi ba:

"In wani abu ya sami idonsa, ke ce."

Na kalli Baba. Yana kallon katanga.

A bayan kamyo, babbar motar kaya, muka tafi, bisa buhunan kanwa. Hanya rabi an gyara, rabi rairayi, motar tana lilo kamar jirgin ruwa. Baba bai taɓa wuce Gidimuni ba, ya yi ta juya kansa hagu da dama yana tattara abin da zai gani. Da muka zo inda ruwa ya kwanta, fararen tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya, ya bi su da fuska har suka fita daga 'yar ƙofar da ta rage masa. Ya ce mini tun da idonsa ya tsuke, abu ɗaya ɗaya yake gani, amma kowane abu ya fi da kyau. Na yi barci a kafaɗarsa, na farka duwatsun Damagaram suna tsaye a kanmu, manya, masu santsi, kamar giwaye sun durƙusa. Muka sauka wajen ƙanwarsa da ke aure a Birni.

Lokotoron ɗan Maraɗi ne, saurayi siriri, a Dakar ya yi karatu. Ya gaida Baba a durƙushe kafin ya sa farar riga. Ya ɗauki hoton haƙorin, wani ɗan baƙin abu kamar faɗin yatsa biyu, ya ɗaga shi wajen taga. Baba ya matso da idonsa. Ga fiƙar nan fara, da saiwa doguwa, da wani baƙin tabo a ƙarshenta.

"Ashe haka take da tsawo," in ji Baba. "Kamar rogon shekara biyu."

"Baba, haƙori kamar karan dawa yake, akwai totuwa a ciki. Totuwar ce ta ruɓe. Zan huda, in kwashe ta, in wanke ramin, in toshe. Karan yana nan tsaye a cikin ƙasarsa, dasashi yana riƙe da shi yana ciyar da shi."

"An ce jijiyarsu ɗaya da ido."

"Maƙwabta ne, shi ya sa in gidan ɗaya ya kama wuta ɗayan ke jin zafi. Amma kowa da hanyarsa. Abin da zan cire ba ya kai gani ko'ina."

Ina tsaye a bayan kujera ina jiran a kira masu dannewa. Ba a kira kowa ba. Ya yi masa 'yar allura a dasashi, ya jira, sannan ya fara aiki da wasu siraran ƙarafuna kamar allurar ɗinki, yana murza su da yatsa biyu. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a ƙafafun Baba. Ba a jin komai sai ƙarar fanka da taɓawar ƙarfe a faranti. Can sai na ji numfashinsa ya canja. Mutumin da ya yi makonni bai yi barcin kirki ba, ga shi ya yi barci baki buɗe, hannun wani a ciki. Lokotoron ya dube ni ya yi murmushi, ya ci gaba. Da Baba ya farka ya ce ya yi mafarki ruwa ya cika kwarinmu har kan dabino, yana tafiya a saman ruwan yana tsinka ba sai ya hau ba. Sai ya motsa harshe, ya ɗanɗana maganin da aka sa a ramin.

"Cima, kanumfari ne. Ashe maganin Innarki ne suka sa a kwalba."

Sau uku muka koma cikin mako biyu, a na ukun aka toshe. A duk zuwan nan muna wucewa ta wata baranda inda masu ciwon ido ke zaune a jere. Ranar ƙarshe na tsaya a wurin, na riƙe hannun rigarsa.

"Baba, ga mu ga su. Ba wanda zai sani."

"Za su ce in kwanta, ko su ɗaure mini ido. Dabino ya kusa nuna. Haƙori muka zo, an yi haƙori."

Na sake shi. Cikin duk abin da na yi a shekarar nan, wannan sakin ne nake juyawa har yau. Da na zauna a ƙasa na ce ba zan tashi ba, wataƙila da ya shiga.

Muka dawo, kowa ya zo yana leƙa bakinsa, yana leƙa idonsa. Inna ta sa shi ya ƙirga mata yatsunta, ya ƙirga daidai, tunda a gabansa ta miƙa su. Dabino ya nuna kafin ruwan farko, kuma ban taɓa ganin shekara irin wannan ba. Itatuwan bakin rijiya sun yi nauyi har sai da aka tokare su. Baba ya hau kowane ɗaya da kansa, igiya a ƙugu, kaba a baki, yana sauko da nonon dabino ɗaya ɗaya. Muka shimfiɗa tabarmi, kwarin ya cika da ƙamshin zaƙi da ƙudan zuma. Ina tuna shi a can sama, rigarsa tana kaɗawa, yana wata 'yar waƙa da Barbarci da ya koya wajen uwarsa, mu a ƙasa muna ɗaga kai har wuya ya gaji.

Bayan damina ƙofar ta fara rufewa da sauri. Ya yi karo da turmi, ya zuba ruwan alwala a gefen buta. Wata safiya, rana ta riga ta kai kan katanga, ya fito daga ɗaki ya tsaya ya ce wa Inna yau hadari ne ya rufe gari haka? Inna ta ajiye muciya. Ni ta juyo ta kalla.

Aka aika wa Mutari. Ya zo ya zauna gaban Baba, ya kaɗa hannu a fuskarsa, sannan ya ce mini a gaban kowa:

"Wata biyar. Wata biyar kawai tsakani. Na gaya miki ko ban gaya miki ba?"

"Ba haƙori ba ne," in ji Baba. "Ikon Allah ne. Ku bar yarinyar nan."

Kowa ya ɗauka kare ni yake yi. Na jira ya ƙarasa, bai ƙarasa ba. Da aka watse na same shi shi kaɗai a zaure, na ce ya sake ni daga alkawarin. Ya lalubo kaina ya dafa.

"Shekara talatin da wani abu ban taɓa ɓoye wa Innarki komai ba sai wannan. In ta san shekara uku ina hawa dabino da rabin ido, tana ƙasa tana yi mini shewa, zai fi mata makantar ciwo. Ki ƙara mini haƙuri kaɗan. Zan gaya mata da kaina."

Ya yi niyya, na yarda da haka. Amma kowace rana sai ta zama ba ranar ba. Ya rayu shekara biyu bayan nan, yana saƙar igiya a zaure, yana yanke kaba da wannan fiƙar, wadda ba ta ƙara yi masa ciwo ba ko sau ɗaya. Zazzaɓin damina ne ya ɗauke shi cikin kwana huɗu, bai gaya mata ba.

Bayan rasuwarsa ina iya magana, amma wa zai yarda? Sai a ce na jira ya mutu na sa masa magana a baki. Kuma ba zan ɓoye muku ba, akwai fushi a ciki. Na ce a raina tunda sun ga zan iya cutar da ubana, su ci gaba da gani. Inna ba ta taɓa yi mini gori ba, sai dai daga lokacin in kanta ya yi ciwo maƙwabciya take tambaya magani, ba ni ba. Mutari ya zo ɗaurin aurena ya tafi bai ci abinci ba. Labarin ya bazu a unguwa, na san mutum biyu da suka zauna da kumburi har ya fashe musu a kunci don tsoron abin da ya sami Malam Lawali.

Na kai shekara arba'in kafin wani lokotoron ido da ya zo aiki Gure ya bayyana mini. Na faɗa masa ƙofar rumbu da zobban fitila, ya ce ruwan cikin ido ne ke taruwa yana danne jijiyar gani a hankali, shekara da shekaru, ba ruwansa da haƙori. Ya ce abin yana bin jini, kuma in an kama shi da wuri akwai maganin ɗigawa da ke tsayar da shi. Ya duba nawa, ya ba ni maganin, shi ne kwalbar da kuke gani kusa da gadona. Na aika wa Mutari ta bakin matarsa cewa ya je a duba masa ido. Ban faɗi dalili ba. Ya aiko cewa shi ba wanda ya taɓa masa haƙori, idonsa lafiya.

Shekaru bayan rasuwar Inna, wata ranar Juma'a da hantsi, na ji sallama a ƙofar gidana. Mutari ne, ya tsufa, gemu fari. Rabonsa da shiga gidana tun sunan babbarku. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa. Na ga yadda yake juya kai gaba ɗaya in zai dube ni, kamar yadda Baba yake yi a da. Muka gaisa, muka tambayi yara ɗaya ɗaya.

"Cima, haƙorana talatin da biyu suna nan. Ba wanda ya taɓa su."

"Na sani, Yaya."

"Na je Damagaram. Sun ce na makara, na dama ya tafi, na hagu saura kaɗan. Sun tambaye ni ko akwai mai irinsa a gidanmu." Ya juya ƙwaryar a hannunsa. "Kafin ku tafi wajen haƙorin nan, ya riga ya fara?"

"Da shekara uku."

"Kin sani?"

"Na sani. Ya ce kar in faɗa."

Na zaci zai yi faɗa, ko ya nemi gafara, ko ni in nema. Na shirya wa kowanne tun da daɗewa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya daɗe yana fuskantar inda muryata ta fito, leɓensa yana motsi kamar mai lissafin shekaru. Sannan ya ce:

"Yarana bakwai ne, jikoki ban san iyakarsu ba. Ni in na faɗa musu, za su ce ai Baba kai ka ce haƙori ne. Ki zo gidan ki gaya musu da bakinki."

Na ce yaushe.

"Yanzu, in ba aiki kike ba. Ki riƙe ni, akwai rami a bakin ƙofarki."

Na ɗauki mayafina, na kama hannunsa, muka fita.